Sulke, Lifidi da Rana: Jagorar Ɗaukar Hoton Shigar Barde a Jibiya

Duk wanda zai sa wa ɗan'uwansa sulke, ya ɗaura masa lifidi, ya kifa masa kwalkwali, ya ɗora shi kan doki a fili don a ɗauki hoto, to ya kwana da sanin cewa lokacin da ke hannunsa bai wuce minti 20 ba. Daga nan sai fuska ta fara sauyawa. Gumi ya wanke kwalli, shunin rawani ya gangaro goshi, kafaɗa ta rankwafa, ido ya koma na mai neman inuwa. Babu kyamarar da ke gyara wannan, komai tsadarta. Sauran aikin duka, wanda kan ci mako uku ko wata guda, ana yin sa ne don kada waɗannan mintoci su tafi a banza.

Matasanmu suna ganin takwarorinsu na ƙasashen waje suna shigar jaruman fina-finai da na littattafan zane. A Nagoya ta Japan tun 2003 ake taron duniya na masu wannan sha'awa, a Legas ma ana irinsa tun 2012. Mu nan ba sai mun aro jarumin kowa ba, balle a Jibiya. Bayan da masu jihadi suka karɓe Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Shekaru da dama bayan haka dawaki suna kai da komo tsakanin biranen biyu, musamman zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore, kuma ƙasar Jibiya tana tsakaninsu. Iyakar Najeriya da Nijar da ake tsayawa a Magama a nuna takarda, Ingila da Faransa ne suka shata ta, aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Har yau Sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Saboda haka yaron Jibiya da ya yi shigar barde, labarin ƙofar gidansu yake bayarwa, kuma dattawan da za su ga hoton sun san abin da ya kamata su gani a ciki.

Wane ne, kuma a wane zamani

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwaso duk wani kaya mai kama da na da a jibga wa mutum ɗaya: alkyabbar hakimi, garkuwar ɗan ƙarma, hular zamani, takobin ado na kasuwa. Kafin a kashe ko sisi, a zauna a yanke shawara. Ɗan lifida ne, ko ɗan sulke, ko maharbi mai kwari da baka da warki, ko bafade a hawan Sallah? Kowanne da kayansa, da zamansa a kan doki, da irin wahalar da za a sha. Maharbi shi ya fi sauƙi da araha, kuma shi nake ba mai farawa shawarar ya fara da shi. Ɗan lifida shi ne ƙarshen wahala.

Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, lifidi da kwalkwali da sulke suka shigo, wato kaya ne da suka yi ƙarnoni ana gyara fasalinsu. Wanda ke son ganin siffarsu ya leƙa gidan adana kayan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ya nemi littafin Nigerian Panoply na A. D. H. Bivar da ya fito a 1964, sannan ya tsaya a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah ya zuba ido, ba a kan sarki ba, a kan mutanen da ke gabansa da bayansa. A nan za ka ga yadda ake ɗaure ɗamara, da inda takobi ke rataye. Bahaushe a kafaɗa yake rataya takobinsa da hamila, ba a ƙugu ba kamar na fim ɗin Turawa.

Akwai kayan da ba a sawa don sha'awa. Rawani mai kunne biyu, alkyabba, takalmin gashin jimina da sandar girma duk suna da masu su. Hoton da zai yi yawo a Facebook da TikTok, gobe fada za ta gan shi. Idan labarinku na bukatar sarki, ku je ku nemi izini, ko ku ɗauke shi daga baya, ko daga nesa.

Neman kaya

Kayan doki da na mahayi a gidajen sarauta da na masu kilisa suke, kuma ba a samun su ta waya. Ka je da kanka, da wani babba da mai gidan ya sani, da goro a hannu. Ba kai za ka fara magana ba. Wanda ya kawo ka zai ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ɗan wane ne, yana son ya ɗauki hoton kayan iyaye da kakanni, shi ne muka zo neman alfarma." In an amince, za a haɗa ka da mai kula da barga. Wannan mutumin shi ne abokin aikinka na gaskiya. Ka ce masa Baba, ka tambaye shi wane doki ne mai sanyin hali, wanne ne ba ya son a tsaya masa ta baya, ka kuma yi ciniki da shi a kan zai bi dokin har wurin aiki ya dawo da shi. Kada ka taɓa karɓar doki ba tare da mai kula da shi ba.

A gaban mai kaya za a ƙirga komai a rubuta: sirdi, likkafa, linzami, majanyi, jalala, ɗan ƙirji, kwalkwali, sulke. Inda ya riga ya yage ko ya tsinke, a nuna masa, a ɗauki hotonsa da waya. Yin haka ba rashin yarda ba ne, kare zumunci ne.

Abin da ba a samu aro ba sai a yi. Lifidi ɗinki ne na yadi biyu da aka cusa wa audugar rimi aka bi da layin ɗinki, mai ɗinkin katifa yana iya yin sa in ka kai masa hoto. Kada a sa soso a madadin rimi. Soso ba ya barin iska ta wuce, kuma a hoto a sandare yake fitowa. Garkuwa aikin baduku ce, a ba shi isasshen lokaci don kirgi ya bushe ya ɗauki siffa. Takobi da mashi kuwa, ka gaya wa maƙeri tun farko na hoto ne, kada ya wasa, ya kuma daƙushe tsinin. Dukkansu za su nemi kafin alƙalami, kuma dukkansu za su ce maka jibi. Ka ƙara mako guda a kan duk ranar da aka ba ka.

Sulke na gaske kan kai kilo 10, wani ya fi. Akwai dabarar saƙa zare mai kauri a fesa masa fenti ruwan ƙarfe. Daga nesa yana wucewa, amma in za a matso kusa da ƙirji, zoben ƙarfe ba shi da madadi. Idan tsohon sulke na gado aka ba ka, kada ka yi tunanin tsallaka iyaka da shi. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana fitar da irin wannan daga Najeriya sai da takardar hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, kuma in aka riƙe shi a hanya ba ka da bakin da za ka yi wa mai shi bayani.

Saura mako guda, a yi gwaji a gida. Mai shigar ya sa komai da komai, ya yi tafiya, ya zauna, ya ɗaga hannu, ya hau doki ya sauka. A nan za a gane inda zobe ke cizon wuya, da inda kwalkwali ke danne ido. A sa masa taguwar auduga mai kauri a ciki, a naɗa tsumma a bakin wuyan sulken, sannan a ɗaure ɗamara tamau a kan sulken, a ɗan saki na sama ya yi aljihu. Wannan kaɗai yana sauke wani kaso na nauyin daga kafaɗa zuwa ƙugu. Wanda bai saba hawa ba ya yi kilisa kwana da kwanaki kafin ranar, domin zaman mahayi ba a kwaikwayonsa. Cinya ce ke riƙe mutum, kuma duk ɗan Katsina zai gane baƙon doki daga yadda ya sa ƙafa a likkafa.

Maganar iyaka

Jibiya ba wurin da za ka fito da takobi da mashi da doki da babbar kyamara ba ne ka ce ai wasa muke yi. Yankin ya sha fama da 'yan bindiga, jama'a a tsorace suke, jami'ai kuma a ankare suke. Iyakar kanta an rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris 2024. Wurin da ya ga wannan, ba a yi masa shigar bazata.

Ka fara da mai unguwar da za ku yi aiki a ƙasarsa, shi zai kai ka gaba in da bukata. Ka rubuta takarda gajeriya zuwa ofishin 'yan sanda: su wane ne ku, mutum nawa, wace rana, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, da jerin kayan da ke tare da ku. Ka riƙe kwafi a aljihu. In an tsayar da ku a shinge, mutum ɗaya ne zai yi magana, ya ce, "Yallaɓai, masu hoto ne mu, ga takardarmu, ga kayan a baya in za a duba." Kada a ɗaga kyamara ko waya wajen ofishin kwastan, na shige da fice, ko shingen sojoji. Jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama, ka bar shi a gida. Yana bukatar izinin hukumar kula da jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a bakin iyaka ba wanda zai ɗauke shi abin wasa. Bindiga, ko ta katako ce, ba ta shiga wannan aiki.

Wurin ɗauka ba kai za ka zaɓe shi kai kaɗai ba. 'Yan gari su ne suka san inda ake zuwa da inda ba a zuwa, kuma abin yana sauyawa daga wata zuwa wata. In sun ce kada a wuce gonar wane, to nan ne ƙarshen duniyarku, ko da kuka mafi kyau tana can gaba. Wanda ke son Madarunfa ko Maraɗi a hotonsa, ya tafi da kyamararsa da takardunsa ta Ɗan Isa, da lambobin kayan aikinsa a rubuce don 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, ya nemi doki da kayan hawa a can. Suna da su, ba su rasa komai ba.

Wata da wuri

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ba a sa wa ɗan Adam lifidi a wannan lokaci. Cikin azumi ma haka. Damina tana da korayen gonaki, amma hadari ba ya alƙawari, ruwa kuma abokin gabar fata ne da ƙarfe. Lokacin da na fi so shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba: an yi girbi, fili ya buɗe, kara na tsaye, sanyi ya fara sauka, hazo bai yi kauri ba. Hazon Janairu yana ba da launi mai taushi, sai dai ƙurarsa na shiga cikin kyamara, kuma fari da shuɗi duk su koma ruwan toka. A guji Lahadi, ranar da kasuwar Jibiya ke ci, hanya a cike take, 'yan kallo kuma sai sun fi ƙarfinku.

Yashin gulbin da ya ratsa yankin ya nufi Maraɗi, in ya ƙafe da rani, fili ne mai kyau, yana mayar da haske sama zuwa fuska, kuma in mahayi ya faɗo ba dutse zai tarar ba. Ka je kwana biyu kafin nan, a daidai sa'ar da za ku yi aiki, ka ga inda rana ke fitowa. Ka dubi bayan fage da kyau. Turken lantarki, kwanon rufi, ledar da ta maƙale a ƙaya, kowa na lura da su. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne itace. Bedi, wanda wasu ke kira darbejiya, baƙo ne daga Indiya, a ƙarni na 20 ya shigo ƙasar nan. Ɗan Baskore bai taɓa zama a inuwarsa ba. Ka nemi gawo, kuka, goriba, aduwa ko tsamiya. Gawo ma da rani yake da ganye, wato ga shi a hoto, ga inuwa don hutu.

Ranar aiki

Doki ya kwana kusa da wurin. Batura a cike, katin kyamara biyu a share, kaya a ɗaure tun dare. Mutum shida ne mafi ƙaranci: mai hoto, mai shiga, mai doki, masu sa kaya biyu, da mai riƙe allon mayar da haske wanda shi ne kuma mai ruwa. Da an sallame Asuba a kama hanya. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba rana kan fito wajen shida da rabi, kuma haske mai daɗi bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba. Mai shiga ya karya da abu marar nauyi, koko da ƙosai kaɗan, ya sha ruwa sosai, ya kuma zaga kafin a fara sa masa kaya, domin in an ɗaure shi ba kwancewa.

Ga inda mafi yawan masu farawa ke faɗuwa: sai su shirya jarumin tsaf, sannan su fara neman inda za su tsaya. Ba haka ake yi ba. Jarumi na zaune a inuwa da taguwarsa, wani yaro ya hau dokin a madadinsa, a gwada haske, a zaɓi kusurwa, a ja layi a yashi inda kofato zai tsaya. Sai mai hoto ya ce ya gama, sannan a taɓa kaya. Wando da takalmin hawa, sulke, ɗamara, lifidi, takobi. Rawani ko kwalkwali shi ne na ƙarshe. Idan rawani ɗan Kura ne, a sa farar hula a ƙasa, a riƙe tsumma kusa, mai naɗin kuma ya wanke hannu kafin ya taɓa farar riga, don shuni ba ya jin magiya. A duba agogo, zoben zamani, da waya a aljihu. Ɗan lifida ba ya hawa da kansa. Ko a zamanin yaƙi ɗora shi ake yi, in ya faɗo kuma sai an tashe shi, shi ya sa masu sa kaya ba sa nisa da doki.

A rubuta hotunan da ake so tun gida, kada su wuce takwas, a fara da na fuska tun tana da ƙarfinta. Na nesa su biyo baya, na gudu su zo ƙarshe, tunda a nesa gajiya ba ta nunawa. Ka durƙusa ka ɗauka daga ƙasa, doki da mahayi za su cika sama. Gilashi mai jawo nesa, kamar mai milimita 85 ko 70 zuwa 200, yana narkar da bayan fage, yana kuma ba ka tazara daga kofato. Rana ta kasance ta gefe ko ta baya, ƙura za ta yi haske, allo ya mayar da shi ƙarƙashin kwalkwali inda ido ke ɓuya. Farin yadi da baƙar fata a hoto ɗaya suna wahalar da kyamara: ka auna haske a kan farin don kada ya ƙone, ka ɗauka a tsarin RAW, ka ɗago fuskar a kwamfuta. Don sukuwa, saurin ɗauka kada ya gaza ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa. Allon haske kuma a nuna wa doki shi tun da wuri ya shinshina, kada a walƙa masa a ido kwatsam.

Sukuwa uku ta isa. Doki ma yana ɗauke da sirdi da jalala da mutum da ƙarfe, a cikin yashi. In mai dokin ya ce, "Ɗana, a bar shi haka," an gama, ko hoton bai fito ba.

Mai shiga ba zai ce ya gaji ba. Kunya da son a ce ya yi jarumta za su hana shi, musamman ga yara sun taru suna kallo. Aikin mai ruwa ne ya riƙa duban fuskarsa. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, murɗewar ƙafa, duk alamu ne na a sauke shi. In magana ta fara rikicewa, ko jiki ya yi zafi rau, a tuɓe komai nan take ko da za a yanke igiya, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi fifita, a nufi asibiti ba tare da jira ba. Ku zo da ruwan gishiri da sukari a haɗe: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ina faɗin wannan da ƙarfi domin na ga ana raina shi. Hoton da ba a samu yau ba, ana iya dawowa gobe da safe.

Idan mace ce za ta yi shiga, ta Daurama ko ta Iyar Maraɗi, wahalarta gaba take zuwa. Kitso yini guda, lalle kwana guda kafin nan, sannan nauyin murjani da mundaye da saƙi mai kauri. A tanadar mata gidan da za ta shirya da mata masu taimaka mata, da yardar iyaye ko miji a kan inda hoton zai fita.

Bayan an sauka

Kada a naɗe kaya da gumi a jikinsu. Lifidi a shanya a inuwa ya sha iska, sulke a goge shi da busasshen tsumma a shafa masa mai kaɗan tun a ranar, domin gumi gishiri ne, kwana ɗaya ya isa tsatsa ta kama. Fata a kakkaɓe mata yashi. A mayar da komai a ƙirga a gaban mai shi, abin da ya tsinke a faɗa kafin a gani, a biya gyara. Tukuicin mai doki daban yake da kuɗin haya.

Hotuna a kwafe su wuri biyu kafin a kwanta. Daga ɗaruruwan da aka ɗauka, goma za ka fitar, kuma zaɓen ya fi gyaran cin rai, don haka ka bari sai ka yi barci. Wajen gyara a Lightroom ko Photoshop, a share leda da waya, a bar gumi da ƙura, kada a wanke fatar mutum ta koma ba tasa ba. Da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, wannan kan ci dare uku ko huɗu. Wajen wallafawa a rubuta sunan baduku da maƙeri da maɗinki da gidan da ya ba da doki, in sun yarda. Sannan a wanke manya guda biyu a sa a firam, ɗaya a kai wa mai kaya, ɗaya wa mai barga, kafin hoton ya hau intanet.